Na daskarar da allurar masu ciwon ƙoda, na yi shiru

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don ni ma ban bar kaina ba.

Ina aiki a ɗakin magani na wani asibitin kuɗi a nan Jos. Akwai wata allurar ƙarin jini da muke ba masu ciwon ƙoda. Ba kamar sauran magunguna take ba, furotin ce irin ta jikin mutum, ƙwayoyin halitta ake sa wa su samar da ita. Ba ta son zafi, ba ta son girgiza, ba ta son daskarewa. Duk na karanta wannan a makaranta, ba zan ce ban sani ba.

Wata Juma'a aka aike ni tashar Laranto in karɓo kwalin allurar da ya iso daga Legas. Direbanmu ba ya nan, sai na hau acaɓa da shi, muna ta faɗawa ramuka. Muna hanya aka fara gudu, wai gari ya rikice, ɗan acaɓan ya ce shi kam ba zai tsallaka ba. Na koma gida Anguwan Rogo da kwalin, ga shi ba wuta. Maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara tana da janareto, na roƙe ta ta ajiye min a firizarta. Da na je ɗauka ranar Litinin, kwalaben sun zama dutse. Na bari suka narke, na kai asibiti. Oga ya ce, "Lafiya dai suka kwana?" Na ce, "Lafiya lau, Oga, a firij na sa." Haka na dube shi na faɗa.

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Guda biyu na ga wasu 'yan zare-zare suna yawo a ciki, na ɓoye su a jakata. Sauran garau suke kamar ruwan sha, sai na ce ai shi ke nan, na ci gaba da bayarwa.

Cikin masu karɓa akwai Mama Ladi, tsohuwar malamar firamare daga Dutse Uku. Duk zuwanta sai ta kawo min dankali daga gonar ɗanta, tana cewa "yarinyata". Yanzu jininta sai sauka yake yi. An ƙara mata yawan allurar, bai hau ba, har an fara yi mata ƙarin jini na leda. Likita ya rasa dalili.

Da abin ya hana ni sukuni, na ɗauki kwalba ɗaya cikin masu kyan gani na kai wa Ishaya, ɗan ajinmu da yake aikin bincike a wani ɗakin gwaji. Na ce masa ta wata ƙawata ce. Ya haska ta da na'urar da ke auna gurɓatar ruwa, ya kuma yi wani gwajin da ke tace furotin, manya daban ƙanana daban. Ya kira ni a waya ya ce, "Wannan ta dunƙule fa. Ido manyan gudaji kawai yake gani, ƙananan sai inji. Ba dai an yi wa wani ba?" Ya ce, "Ki ji ni da kyau. Jiki yana iya ɗaukar gudajin nan a matsayin baƙo, ya yaƙe su, daga nan ya juya kan irin furotin ɗin da shi kansa yake samarwa. Idan an yi wa mutum, dole likitansa ya sani." Ya ce ko an ga jinin mutum yana sauka, ba zai rantse ita ce sila ba, amma wa zai rantse ba ita ba ce?

Na kwashe ragowar na ce wa Oga sun fashe, ƙarya ta biyu ke nan da na yi masa. Amma wadda ta riga ta shiga jikin Mama Ladi fa? Idan na faɗa, aikina ya tafi, ƙila har da lasisina. Kuma kun san Jos ɗinmu yanzu. A ce Musulma ta yi wa tsohuwa Kirista gurɓatacciyar allura ta ɓoye, wa zai tsaya ya ji cewa kuskure ne? Maganar za ta tsaya a kaina ni kaɗai? Idan kuma na yi shiru, likita zai ci gaba da lalube a duhu. Jiya na ji yana cewa a yi odar wata allurar a ninka mata.

Da na shiga ɗakin da aka kwantar da ita da safe ta kama hannuna ta ce, "Yarinyata, kin rame. Waye ya taɓa min ke?"

Ranar Alhamis sabon kwali zai iso, kuma ni za a ce in miƙa. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?