Jarka a Kan Bijimin Baba

Realicó, 6 ga Yuli, 1998

Zuwa ga Yayana Aníbal,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zulema da yara. Yaya aiki, yaya iskar kudu? Mu nan sanyi ya sa mu gaba, amma lafiya lau muke. Baba ma yana nan da ƙarfinsa da bakinsa.

Saƙonka ya iso. Da kaina na je tashar bas na ɗauko shi a baro, don nauyinsa ba na wasa ba ne. Sabon akwatin sitiyari fil, da giris ɗinsa da komai. Allah ya saka, Yaya. Na zaci Baba zai yi tsalle, amma ko kwalin bai taɓa ba. Leƙawa ya yi daga inda yake zaune ya ce, "Wa ya ce muku Bijimi ba shi da lafiya?" Na ce, "Haba Baba! Sitiyarin da sai ka juya shi faɗin tafin hannu kafin tayoyi su san da su ake?" Ya ce haka suka saba, shi da motarsa. Ka ji fa. Mutumin da in ya ji ƙarar da bai gane ba a motar nan tasa ƙirar Torino sai ya fasa cin abinci, yau shi ke kare sitiyarin da ya yi lako-lako.

Ban saurare shi ba. Makarantu suna hutun sanyi, bas ɗin 'yan makaranta da nake ja yana ajiye, don haka lokaci gare ni. So nake in gama kafin ranar Waliyyi Kiristobal, waliyyin direbobi da matafiya, ashirin da biyar ga wata. Ka san tun muna yara Baba ke jan gaban jerin motoci zuwa ƙofar coci a yayyafa musu ruwan albarka, kuma bana ma shi ne Fada Lisandro ya sa a gaba. Ba na so ya shiga tsakiyar jama'a da mota tana yawo da hankalinta.

To ga abin da ya ɗaure min kai. Na ɗaga Bijimi a jak nan ƙofar gida, na cire tayar hagu. Washegari ina kwance a ƙarƙashi sai na ga takalman Cacho mahauci tsaye a gefena. Ya durƙuso ya ce, "Nélida, nawa tsoho ya yanke masa?" Na ce, "Yanke wa? Nama ka ɗauke shi?" Ya nuna sama da haɓa. Na fito na duba, sai ga farar jarka zaune daram a kan rufin motar. Ko ɗan yaye a ƙasar nan ya san jarka a kan rufin mota sanarwa ce cewa ta sayarwa ce. Bijimin Baba! Na sauke ta na kori Cacho, don ina zargin shi ya ɗora. Ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan motar nan. Ban gaya wa Baba ba, kada hawan jininsa ya tashi.

Ka gaida Zulema, ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Nélida


Realicó, 13 ga Yuli

Yaya Aníbal,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya, kuma tarin ƙaramarku ya yi sauƙi. Mu ma lafiya, in dai ruɗewa ba ciwo ba ce.

Jarkar nan ta dawo. Na sauke da safe, washegari tana nan. Na kulle ta a ɗakin kaya, sai na wayi gari da gorar sabulun wanki a wurinta, cike da ruwa don kada iska ta ture ta. Wato mai yin abin nan ba wasa yake ba. Na je har shagon Cacho na zazzage masa a gaban masu sayen nama. Ya rantse da kabarin uwarsa, ya ce, "Ke Nélida, ni da nake shiga mayanka tun kafin gari ya waye, yaushe na ga lokacin yi wa mota ado?" Yanzu duk garin ya ɗauka. Wani ya zo daga garin Rancul takanas, yana buga tayoyi da ƙafa. Matar mai gidan burodi ta riƙe hannuna tana tambaya ko wani abu ya same mu. Gaya min gaskiya, Yaya, ba kai ka yi magana da wani ba? Na tuna ka taɓa cewa motar ta yi wa Baba ƙarfi. In kai ne, wallahi sai mun ɓata.

Aikin kuwa ya ba ni wuya. Ƙarfen nan da ke haɗa akwatin da sandunan tayoyi ya ƙi fita, tsatsa ta riƙe shi gam. Na jiƙa shi da mai, na gasa shi da wuta, na aro abin zaro shi a gareji, sai da ya yi wata ƙara kamar an fasa dutse sannan ya saki. Ƙusoshin jikin shasi ba su yi gardama ba. Da na sauke tsohon akwatin na buɗe, baƙin mai ya zubo, haƙoran ciki duk sun cinye. Ban san yadda Baba ya yi shekaru yana tuƙi da wannan ba.

Shi kuma Baba ya canza min gaba ɗaya. Ka san shi, ba ka isa ka riƙe sifana a gabansa ba, sai ya fizge ya ce hannunka na mai dama kunu ne. Yanzu sai ya jawo kujera ya zauna, hannuwa a cikin aljihun kwat, yana kallona. Na ce, "Baba, riƙe min wannan notin." Ya ce, "Ba ke ce makaniken ba?" In na haɗa shayinmu na ganyen mate na miƙa masa ƙoƙon, sai ya ce in ajiye a ƙasa zai ɗauka. Tun yaushe ake ajiye wa mutum mate a ƙasa kamar kare? Miya ma ya daina sha, wai ta ishe shi, sai burodi da nama. Ga gemu ya bari, shi da ba ya fita ko ƙofar gida bai yi aski ba. Na tambaye shi, ya ce sanyi ne.

Na rasa inda zan sa wannan. Ko fushi yake da mu don mun taɓa motarsa? Har na fara tunanin ko wata ce ta ce masa gemu yana masa kyau. Kada ka yi dariya. Tun rasuwar Mama bai bar kowa ya zauna a kujerarta ta gaban mota ba, ni kaina baya nake shiga, don haka ban yarda da zancen wata ba. Amma to mene ne?

Na gaya masa maganar jarkar daga ƙarshe, ina jiran ya tashi da faɗa. Cewa kawai ya yi, "Mutane ba su da aikin yi."

Ka rubuto da wuri.

Taka,
Nélida


Realicó, 20 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarka ta zo, na yarda ba kai ba ne, ka yi haƙuri da bakina. Amma ina ka sayo akwatin nan?

Na ɗaura shi ranar Alhamis. Na daidaita sitiyarin a tsakiya, na ɗaure komai, na cika mai, na kai gareji aka duba tsayuwar tayoyi. Na fita da Bijimi hanyar rumbunan alkama, ni kaɗai. Kai, Yaya! Da ɗan yatsa za ka taɓa shi ya amsa. Na dawo ina waƙa.

Da ƙyar na shawo kan Baba ya gwada. Na shiga baya kamar kullum. Muna hawa kwalta motar ta fara rawa, hagu, dama, hagu, dama, ƙanana-ƙanana kamar mai jin sanyi. Da ya ƙara wuta sai abin ya ƙaru, har muka kusa gogar shingen gonar su Ferreyra. Ya taka burki ya kashe injin ya ce, "Kin gani?" Na ce na gani, laifina ne, akwai abin da ban ɗaure ba.

Na koma ƙarƙashi na bi noti ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya saki. Na sake fita ni kaɗai, mota ta tafi sak, har na saki sitiyarin ba ta karkace ba. Na ce ko nauyina ne a baya? Na ɗora buhun masara a inda nake zama, na sake fita, lafiya lau. Jiya na roƙe shi ya ƙara gwadawa, ko kwanar gidanmu ba mu sha ba ta fara rawar nan. Ya fita ya bar ni da mota a tsakiyar titi, ya taka zuwa gida.

Ta yaya mota za ta yi lafiya a hannun mutum ɗaya ta yi ciwo a hannun wani? Mai gareji ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, yana min kallon wadda ta sha wani abu. Ranar Asabar ne bikin. Baba bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Jarka kuwa yau ma na sauke ta. Kaina ya kulle, ban san abin da nake gyarawa ba kuma.

Nélida


Realicó, 26 ga Yuli

Yayana Aníbal,

Ina gaishe ka da kyau, kai da iyalinka, Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ranar Laraba na tashi da sassafe zan ɗora ruwan zafi, na ɗaga labulen kicin. Baba ne a bakin mota, da rigar barci da kwat a kai. Jarkar tana hannunsa, ya riƙe ta da hannu biyu yana son kai ta rufin. Ruwan ciki sai tsalle yake, yana zubo masa a hannun riga. Ya ɗaga, ta ƙi zama, ya sake ɗagawa. Hannuwansa ne, Yaya. Rawa suke, ba ƙarama ba. Na tsaya da buta a hannu ina tuna ƙoƙon mate, da miya, da gemu, da aljihun kwat. Ni da nake gida ɗaya da shi, na yi ta leƙen ƙarƙashin mota ban kalli hannun ubana ba.

Na fita na karɓi jarkar. Bai yi musu ba. Ya ce abin ya fi shekara, kuma yana ƙaruwa. Ya ce, "Tsohon akwatin nan shi ya rufa min asiri. Hannuna ya yi ta rawarsa, lako-lakon ya shanye, tayoyi ba su sani ba. Wannan naku kuwa ɗan gulma ne, duk abin da hannuna ya yi sai ya kai musu." Tun ranar da ya ga kwalin ya san tuƙinsa ya ƙare, shi ya sa ya fara ɗora jarka. Wai gara a ce shi Evaristo ya sayar da motarsa da a ce an ƙwace masa makulli.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na ce zan mayar da tsohon a ranar, kafin rana ta faɗi. Ya daka min tsawa irin ta da, har na ji daɗi. Ya ce, "Ke mahaukaciya ce? Na ga cikinsa da idona. In ya ƙwace a tsakiyar jama'a in kaɗe ɗan wani fa?" Na ce to me za mu yi? Ya ce shi ma bai sani ba.

Jiya da safe na same shi ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, yana tsaye a bakin Bijimi. Jarka tana kan rufi. Ya ciro makulli, da ƙyar ya raba shi da aljihu, ya miƙo min ya ce, "Fada yana jira." Na buɗe masa ƙofar baya. Ya harare ni, ya zagaya ya buɗe ta gaba, ya zauna a kujerar Mama. Na sa hannu zan jefar da jarkar, ya ce in ba shi. Ya ɗora ta a cinya ya rungume.

Haka muka ja gaban jerin, motoci na biye da mu suna ta oda. Bai bar ni na huta ba. "Sassauta, ba bas ɗinki ba ne. Wa ya koya miki sa giya haka? Kin riƙe sitiyari kamar zai cije ki." Titin coci sumul yake, ka sani, ba rami ko ɗaya, amma tun daga gida har can ina jin ruwan jarkar yana ƙara a cinyarsa. A ƙofar coci Fada Lisandro ya yayyafa mana ruwa, ya leƙo ya ga wadda ke tuƙi, ya ƙara yayyafawa ta tagar Baba. Cacho ya matso da hularsa a hannu ya ce, "Baba Evaristo, har yanzu ana sayarwa?" Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi mai motar." Na ce wa Cacho ya koma kan namansa.

Gobe zan kai shi asibiti a Pico, ya yarda bayan dogon faɗa. Tsohon akwatin na wanke shi na ajiye a ɗakin kaya. Ban san amfanin da zai yi ba, amma na kasa jefarwa. Kada ka ga laifin kanka a kan wanda ka aiko, ni ma ina ƙoƙarin kada in ga nawa.

Ka nemi hutu ka zo gida, Yaya, kada ka jira Kirsimeti. Na ce zan yi masa aski ya ƙi, wai ba zai miƙa wuyansa ga direban bas ba, aikin ɗa namiji ne. Gemun ya cika masa fuska, kuma ya tsane shi. Ka taho da reza mai kyau.

Ka gaida Zulema da yara. Baba ya ce in gaishe ka, ya so ya sa hannu a ƙasan takardar nan da kansa, sai kuma ya ce in bari.

Ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Nélida