Rigar Sallah a Gidan Bahago

Agadas, Maris 1966

Zuwa ga ƙanena Alhassan, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Salamatu? Mu nan lafiya lau, sai dai kunya, ita kuwa ba a kai ta gidan likita.

Ka san ɗiyarka, Fulerata, tana shekarar ƙarshe a babbar lakwal ta Dakar, tana karatun kula da marasa ƙarfi. Kafin a ba ta diplom sai ta yi aiki a garinsu an gani. Ta zaɓi gidan Bahago maƙwabcinmu, wanda ya yi ta jan ayarin gishiri zuwa Bilma har idonsa ya mutu. Jikoki huɗu gare shi, marayu. Tun kaka take shiga tana fita, ta rubuta halin da suke ciki: tabarma ɗaya, tukunya a kife, ƙaramin yana tari. In an yarda da rubutun ita ta ci, su kuma a sa su cikin masu samun hatsin gwamnati.

Sai aka ce wata madam za ta zo daga Yamai ta duba da idonta. Alhassan, kai ma ka sani, a garin nan ba a barin baƙo ya ga tsiraicin unguwa. Fulera na fita tarbar mota, ni kuma na tashi tsaye. Uwarta Tabawa ta kai darduma da kwanonin jerenta, Idi mahauci ya ba da cinya, na sa aka jingine buhun gerona inda ido zai fara sauka. Da hannuna na zura wa Bahago rigata ta Sallah, na naɗa masa rawani. Da ka gan shi sai ka tuɓe takalmi.

Madam ta ci nama, ta sha shayi, ta dubi rubutun Fulera, ta dubi gero. Ta tambayi Bahago ko akwai abin da ya dame shi. Mutum cikin riga irin wannan me zai ce? Ya ce alhamdu lillahi.

Madam ta ce rubutun ƙage ne. Fulera ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ajiye mini fura, ta fita. Ka sa mu cikin addu'a.

Wanka,
Hamidu Baduku

Agadas, bayan mako guda

Alhassan,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ga ƙarshen maganar.

Na sami madam a masaukinta na faɗi abin da na yi. Ta ce wane uba ne ba zai faɗi haka don ɗiyarsa ba? Gaskiyarta. Sai na koma na durƙusa gaban Bahago, na roƙe shi ya bari a yaye abin da na lulluɓa. Ya yi dariya har da tari, ya ce a kawo ta.

Da rana tsaka, unguwa na kallo, ni da Tabawa muka kwashe darduma da kwanoni daga gidan makaho, kamar ɓarayin da ba su iya sata ba. Gero dai yara sun riga sun buɗe shi. Riga kuwa Bahago ya ce ta saba da jikinsa.

Madam ta shiga, ta ga tabarmar, ta ɗaga tukunyar, ta saurari ƙirjin yaron. Da za ta fita, Bahago ya ce yana da roƙo guda: ta riƙa zuwa kowane wata, domin tun da idonsa ya mutu, zuwanta ne ya nuna wa geron Hamidu hanyar ƙofarsa. Fulera ce ke juya maganar da Faransanci. Na dube ta ko za ta rage wa ubanta wani abu. Daga yadda madam ta juyo ta kalle ni na san ba ta zubar da ko kalma ba.

Madam ta sa hannu. Fulera za ta koma Dakar ta karɓo diplom ɗinta. Mutane na ta zuwa yi mini barka, ina amsawa kaina a ƙasa.

Ban tambayi rigar ba, ba kuma zan tambaya ba. In gero na da sauƙi a wajenku, ka ɗoro mini buhu a motar da za ta fara tasowa. Nasu ya kusa rabi, madam kuwa ba za ta dawo ba.

Ka gaida Salamatu da yara. Allah ya rufa mana asiri, irin rufin da ba a kwashewa da rana.

Wanka,
Hamidu Baduku