Takalmin da Ba a Sawa

Wudil, ranar Alhamis

Zuwa ga maiɗakina Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke. Yaya Gombe? Yaya jikin 'yarmu maijego Khaulat da jaririyarta? Na ba Labaran direba wannan takarda ne don abin da ke cikinta ba na waya ba ne, tunda na san ki da sakin murya kowa ya ji.

Hansai, na tafka abin kunya, kuma gara ki ji daga bakina.

Ran Litinin ina alwala a zaure na jiyo yaron nan, ɗanmu na fari, yana gaya wa abokinsa wai takalmin zinaren nan namu ne, ran Lahadi zai shigo hannu.  Na ce wato yaron da ke neman auren Afra, 'yar Alhaji Maikano, takalmin zinare ya yi oda don ranar ɗaurin aure? Ɗan na'ibin liman guda, alhali ko zoben zinare an haramta wa namiji? Da na kira shi na tambaya, da magana ta mutu a nan. Amma kin san halina, in na hau ba na jin kira.

Da aka sallame La'asar na miƙe na yi nasiha a kan zinare da alfahari. Na ce gyara daga gida yake farawa. Sannan na kama sunansa. Ni da ban taɓa furta sunan nan ba tun ranar da aka raɗa masa shi, saboda kunyar ɗan fari, sai ga shi na ce Jibril, a gaban sahu, surukin nasa na zaune.

Sai samari na baya suka fara tarin ƙarya. Alhaji Maikano ne ya ja ni gefe ya yi min bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ashe gasar ƙwallo ce ake yi ta ƙasashen Afirka, takalmin kuma kyauta ce ta wanda ya fi zura ƙwallo a raga. Ɗan wasanmu da wani ɗan Masar sun yi kankankan, wani ɗan Senegal na bin su a baya. Alhajin ya ce ƙafa ɗaya ce ma, ba a sawa, ajiyewa ake yi a kan kanta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

 Washegari yaron ya tafi Lajawa wajen kawunsa Isyaku, wai zai taya su aikin gona.

Kin san tun yana ƙarami shi ke juya min takalmi a ƙofar masallaci. Yanzu kullum in na fito sai in tarar da su yadda na tuɓe su, suna kallon ciki. Dariyar gari ba ta dame ni ba, ko da yake har a kara wajen masu sayar da shanu aka ce ana labarina. Rashin mai juya min takalmin ne ya hana ni sukuni. Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Sanusi

Wudil, ranar Laraba

Zuwa ga Hansai,

Sallama irin ta addini, da fatan duk kuna lafiya. Saƙonki ya iso ta bakin Labaran, cewa in ajiye girma in je Lajawa. Gaskiyarki, amma na kasa. Sau biyu ina zuwa bakin gada neman mota ina komowa. Da wane ido zan kalle shi?

Ga dai abin da na iya. Ran Lahadi na ari rediyon Alhaji Maikano na rufe ɗaki na saurari wasan tun daga farko. Rabin abin da mai sharhi ke faɗi ban gane ba, amma da ɗan wasanmu ya buga ƙwallo ta daki ƙarfen raga, sai na ji na yi salati da ƙarfi. Ɗan Masar ɗin ne ya ƙara ɗaya, ya tafi da takalmin. Wallahi sai da na ji ba daɗi.

Da safe na aika wa Isyaku cewa ya yi wa yaron jaje a madadina. Na ce ya gaya masa daidai yadda na faɗa: takalminmu ya kuɓuce, Allah Ya ba mu na gaba. Na ja masa kunne kada ya manta da "mu" ɗin nan, don ita ce saƙon. Ban sami amsa ba.

Jiya na fito daga Azahar ina laluben takalmina cikin na jama'a. Sai na gan su a gefe, an kaɗe musu ƙasa, an jera su, suna kallon hanya.

Ban ɗaga kai na nemi yaron ba, shi ma bai matso ba. Na daɗe a tsaye kafin in iya sa ƙafa.

Ki gaida maijego da mijinta, ki shafa min kan jaririya. In za ki taho, ki sayo wa yaron nan turare mai kyau, ki ce ke kika saya.

Naki har kullum,
Sanusi