Takardar Neman Ƙarin Lokaci

Asabar, 1 ga Nuwamba 2014
Yola. Da ƙafa muka bar Mubi ranar Laraba da 'yan ta'adda suka kama garin, ni da matata Dijatu da yara. Kwangilar ginin asibitin Sahuda na bar ta a linta, daidai saman ƙofa, siminti a buɗe. Yanzu wa ke ta siminti.

Litinin, 10 ga Nuwamba
Dijatu ta kasa ɗauko ko zani, amma ta ɗauko jakar takarduna. Yarjejeniya ta ce duk abin da ya tsayar da aiki, in rubuta wa injiniya cikin kwana ashirin da takwas, in ba haka ba babu ƙarin lokaci. Duniya ta ji abin da ya faru, amma sai na rubuta. To, na rubuta.

Alhamis, 20 ga Nuwamba
Na samu Injiniya Tizhe a gidan ƙanwarsa a Jimeta, ashe zaman makoki suke. Ɗansa Vandi bai fito daga Mubi ba. Na zauna kan tabarma, takardar tana aljihuna, na ce ya haƙuri. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ta yaya zan miƙa wa mutum ambulan a nan? Na dawo da ita.

Laraba, 26 ga Nuwamba
Yau kwana ashirin da takwas suka cika. Wayar Tizhe a kashe. An ce ya tafi ƙauye.

Talata, 13 ga Janairu 2015
Ofis sun ce takardata ta makara, lokacin aiki ya ƙare, za a ba wani kwangilar. Tizhe bai iya kallona ba. "Malam Ishiyaku, ni na sani, amma fayil bai sani ba. Da ka ba ni ran nan, zan sa hannu ko ina kuka." Baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Juma'a, 6 ga Maris
Mun koma gida. Na bi ta Sahuda a acaɓa, wani na ɗora kwano a kan bangona.

Lahadi, 21 ga Agusta 2016
Ruwa ya cinye hanyar Mugulbu, ɗan aikin ginin ajin da na samu ya tsaya. Mahaifiyar sabon injiniyan ta rasu jiya. Na je gaisuwa, na yi addu'a, na miƙa masa takarda da biro a kan tabarma. Mutane suka bi ni da ido. Ya sa hannu.
Dijatu ta tambaye ni ya masu haƙuri. Ban tuna na kalli fuskarsa ba.