Ma'aikatan Rabi da Suka Mutu

Assalamu alaikum Hajiya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Anaca lafiya lau, sai rashinki.

Da kina nan da kin yi mini dariya har ɗankwali ya zame. Rabi autarki ta zo hutu daga Fatakwal, da kwamfutarta a hammata. Ina alwala na ji tana faɗa a waya wai ma'aikata uku sun mutu. Na ajiye buta, na sa hula, na je na yi mata ta'aziyya, har ina tambaya ko hatsarin okada ne.

Ashe injina ne. Ta ce in bayanai sun fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai a yanka aikin gunduwa-gunduwa a raba wa kwamfutoci da yawa, su ne ma'aikatan. Akwai babba mai rabon, ita ta san wa ke riƙe da me. In ɗaya ya faɗi, ta miƙa kasonsa ga wani, aiki bai tsaya ba.

Sai na tuno ki a kasuwar Ose, ranar da ruwa ya daki tirelar albasarmu. Kin zaunar da mata, kowa da tarinta, ana tsince ruɓaɓɓu. Zazzaɓi ya kori Mama Ngozi, kika raba tarinta ga sauran, kina cewa albasa ba ta jiran mai jinya.

Na tambayi Rabi, to in babbar ce ta mutu fa? Tun da kika tafi 'ya'yanki ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Sani na Inugu, Hadiza na Aba, ba mai kiran wani. Tsorona gidan nan ya watse ina numfashi.

Rabi ta ce akan ajiye wata kwamfutar a gefe, tana kallon duk abin da babbar ke yi, ba ta cewa uffan sai ranar da babbar ta faɗi.

Washegari na ji ta a waya da Sani. Shi zai kawo ragon Sallah, Hadiza manja da tattasai, kuma kada wanda ya kawo mata zancen hanya ba kyau. Muryarki ce sak, Hajiya. Sanin nan da ba ya jin tawa, sai ji na yi ya ce to.

Allah ya haskaka kabarinki, ya kai miki ladan abin da kika bari a gefe ba mu sani ba. Amin.

Mijinki,
wanda Rabi ta ba kason albasar Sallah.