Ranar Asabar Zan Karanta Maka

Masoyina, sanyin idona, inuwar da na zaɓa cikin dukan itatuwa, kafintan da ya zo gyara kujerun ajina ya tafi da zuciyata!

Ban taɓa zaton alƙalamin da nake duba aikin ɗalibai da shi zai rubuta maka kuka ba. Saura mako uku a ɗaura mana aure. Fasto ya yi sanarwa sau biyu, ta uku ran Lahadi ce, ni kuwa har yanzu ban san ko zan bari a yi ta ba.

Ka tuna Asabar ɗin da ruwa ya tsare mu a shagonka, muna kan benci, ƙamshin katako ya cika ko'ina? Ranar ka sunkuyar da kai ka faɗa mini ba ka iya karatu ba, cewa duk ayar da kake tashi ka karanta a zumuntar maza haddace ta kake yi, Littafi Mai Tsarki a buɗe a hannunka don idon jama'a. Na yi maka dariya? Tun daga ranar kowace Asabar ni nake karanta maka, kana goge katako kana maimaitawa, muryarka tana sauka a zuciyata kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Don kada ka ji kunya kai kaɗai, ni ma na buɗe maka cikina: aikin da aka yi mini a asibiti, da maganar likita cewa da wuya in haihu. Ka riƙe hannuna ka ce ni kake so, sauran na Allah ne.

To me ya kai maganata gaban dattawa biyar, hasken raina? Wai Littafi ya ce a nemi shawara kafin babban mataki. Gaskiya ne, ai ni na karanta maka wurin! Amma gargaɗin da ke kusa da shi, a kan mai yawo da asirin abokinsa, iska ce ta ɗauke shi daga kunnenka? Ran Laraba ina zaune a taron addu'a, matar wani dattijo ta miƙe ta ce a roƙa wa “wata 'yar'uwa mai shirin aure” haihuwa. Mu nawa ne masu shirin aure? Mata arba'in suka rufe ido, rabinsu ido ɗaya kawai, ɗayan yana kan cikina. Na ce amin, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka ci amanata, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Yayata, da ba ta san asirinka ba, ta ce, “Ke ma tona shi mana!” Sai zuciyata ta ce in miƙa maka wani shafin a gaban mutane, mu ga yadda babban malami zai yi. Ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu na yi ina jin daɗin wannan tunani. Sai na buɗe Littafin, yadda muka saba kafin mu yanke ko da ƙaramar shawara, ina neman ayar da za ta goya mini baya. Ban samu ba. Abin da na samu shi ne kada in rama, kuma in je wurin wanda ya yi mini laifi, ni da shi, ba na uku. Hanyar da ka hana ni, ita zan bi da kai.

Ba mala'ika nake nema ba, ƙaunataccena. Ka dube ni ka ce ka yi laifi, ba tare da ka ɓuya a bayan aya ba. Sa'an nan ka faɗa mini gaskiya: shawara ka je nema, ko ƙofar fita? In ƙofa ce, ka faɗa, ni da kaina zan ce wa fasto ya dakata.

Wasiƙar nan ba zan ba kowa ya kawo maka ba, don duk wanda ya karanta maka ita ya san abin da kake ɓoyewa. Ranar Asabar zan zo da ita, in zauna a kan bencin nan, in karanta maka da bakina.

Taka, wadda ko ka aure ta ko ka bar ta, asirinka zai shiga kabari tare da ita.