Jirgin Katako Ya Tafi Ya Bar Mu

Kawu Mamman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna Rabi da yara da duk mutanen Damagaram. Yaya ƙafar, yaya aikin kafinta?

Kawu, hoton da ka ce in ɗauko maka bai samu ba, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Jirgin ruwan nan mai tafiya da iska, wanda aka ƙera irin na mutanen da, ya iso bakin teku ranar Asabar. Na taso daga Paris, Sani ɗan Baba Ali ya zo daga Lyon. An gaya mana ƙarfe uku zai tashi, kafin ruwa ya janye. Sani ya ce ai kamar motar tasha ce, sai ta cika, mu ci abinci tukuna. Ni kuma na biye masa.

Da muka dawo, jirgin ya yi nisa. Kai haɗin katakon kake son gani, ga shi a hoton ko tsuntsu ya fi shi girma.

Garin da zai tsaya nan gaba, ni kaɗai zan je. A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Sani ma yana gaisuwa, amma ban yi masa alkawarin isarwa ba.

'Yarka,
Hadiza